Wutar da Allah Ya Hura Cikin Jikinka

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8

    In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe Sarakuna na Fari, sura 19, ka sa yaro ya karanta wa iyali daga aya 1 zuwa 8.

Labarin annabi Iliya ne. Ya gama babban aiki a Dutsen Karmel, ya kuma sheƙa da gudu a gaban karusar sarki Ahab har Yezreyel. Sai Yezebel ta aiko masa cewa za ta kashe shi. Ya gudu zuwa Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya nausa cikin jeji tafiyar yini guda. Ya zauna a gindin wani ɗan itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Babban bawan Allah ke nan, amma ƙarfinsa ya ƙare.

To, me Allah ya fara yi masa? Ya bar shi ya yi barci. Sa'an nan mala'ika ya tashe shi, ga gurasa da aka toya, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Mala'ikan ya sake tashe shi karo na biyu ya ci, gama tafiyar da ke gabansa mai nisa ce. Maganar da Allah zai yi da shi ta jira sai da ya kai Horeb. Barci da abinci da ruwa su ne suka fara zuwa.

Wanda ya gina gida ya san abin da gidan ke bukata. Yau ina so mu leƙa cikin wannan gida, wato jikinmu, mu ga yadda abinci da ruwa da iska ke zama ƙarfi, da yadda jiki ke riƙe kome daidai gwargwado. Sanin wannan yana iya ceton ran yaro ko na tsoho a gidanka.

Gida mai ɗakuna da yawa

A shekara ta 1665 wani mutumin Ingila, Robert Hooke, ya yanka ɓawon itace siriri ya duba shi da madubi mai girmama ƙananan abubuwa. Ya ga ramuka jere kamar saƙar zuma, ya kira su ƙananan ɗakuna. Daga baya aka gane cewa kowane abu mai rai, ciyawa ne ko akuya ko mutum, da irin waɗannan ɗakuna aka gina shi. Muna kiransu ƙwayoyin halitta. Jikin babban mutum yana da wajen tiriliyan 30 daga cikinsu. Ido ba ya ganin ɗaya, amma kowace tana da rai. Tana ci, tana aiki, tana fitar da shara, tana gyara kanta.

Aikinsu kuwa dabam dabam ne. Waɗansu na jan tsoka sa'ad da ka ɗaga fartanya. Waɗansu na kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafa. Jajayen ƙwayoyin jini na ɗaukan iska, kowace takan yi kwana wajen 120 tana wannan aiki kafin a musanya ta da sabuwa. Duk da bambancin aikinsu, bukata ɗaya ce ta haɗa su. Kowace tana bukatar ƙarfi dare da rana, ba hutu.

Murhu cikin kowane ɗaki

Mama, ke kin san abin da wuta ke bukata: itace da iska. In itacen ya ƙare wuta ta mutu. In kika kifa tukunya a kan garwashi, iska ta yanke, nan ma ta mutu. Haka yake cikin jiki. Itacen shi ne abinci. Tuwon masara, da acha, da doya, da dankali, da gwate, in sun shiga ciki hanji yakan farfasa su su zama wani irin sukari mai suna gulukos, jini ya kwashe shi ya kai wa kowace ƙwaya. Iskar kuwa ita ce oksijin, wadda huhu ke jawowa kamar zugazugin maƙeri.

Cikin kusan kowace irin ƙwaya akwai waɗansu ƙananan murahu da masana ke kira mitokondiriya. A nan ne sukari da iska ke haɗuwa. Wani masani na Faransa, Antoine Lavoisier, shi ya nuna wajen shekara ta 1783 cewa numfashi irin ƙuna ne mai tafiya sannu a hankali. Ya sa wata ƙaramar dabba cikin akwati da ƙanƙara kewaye da shi, ya auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar, ya kuma auna iskar da take fitarwa. Ya ga lissafin ya yi kusa ƙwarai da na gawayi mai ci.

Amma wutar jiki ba ta tashi ɓal ta cinye kome gaba ɗaya. Ana fitar da ƙarfin kaɗan kaɗan, mataki bayan mataki, ana zuba shi cikin wani sinadari mai suna ATP. Ka ɗauke shi kamar ƙaramin batir. Ƙwaya ta yi aiki da shi, ya mutu, a mayar da shi murhu a sake cika shi. Abin da ke cikin jikinka a kowane lokaci bai fi cikin tafin hannu ba, amma saboda yawan sake cikawa, wanda kake kashewa a yini ɗaya ya kusa nauyin jikinka duka. Sharar wannan wuta kuwa ita ce ruwa da iskar kabon, wadda kake hurarwa waje duk lokacin da ka saki numfashi.

Kada ka ce ai sa'ad da kake kwance ba ka cin itace. Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a yini. Ƙwaƙwalwa nauyinta wajen kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke kashewa yana hutawa. In aka haɗa duka, mutum yana ba da ɗumi kusan kamar tsohon ƙwan lantarki mai wat 100. Shi ya sa majami'a in ta cika ranar Kirsimeti zafi yakan ishe mu, ko da a lokacin sanyi ne.

Daga ina ƙarfin da ke cikin masara ya fito? Daga rana. Koren ganye yana kama hasken rana, ya haɗa ruwa daga ƙasa da iskar kabon da muke fitarwa, ya yi sukari, ya saki oksijin. Abin da muka zubar shi ne abincin ganye, abin da ganye ya saki shi ne numfashinmu. Manomi, sa'ad da kake duban gonarka tana kore shar, kana duban wurin da ake tara maka ƙarfin da za ka yi noman baɗi da shi.

Kome da ma'auninsa

Samun wuta kaɗai bai isa ba. Mai dafa abinci ta san in wuta ta yi yawa tuwo ya ƙone, in ta yi kaɗan ya ƙi nuna. Ƙwayoyin jikinmu suna zaune cikin wani ruwa mai ɗan gishiri, kuma ba sa jure canji mai yawa. Dole ɗuminsa, da gishirinsa, da sukarinsa, da iskarsa su tsaya kusan wuri ɗaya, ko kana cikin zafin Yola ko cikin sanyin Jos. Wani likitan Faransa, Claude Bernard, shi ya fara bayyana wannan a ƙarni na 19, sa'an nan Walter Cannon na Amurka ya ba abin suna a 1926. Mu sai mu kira shi daidaiton cikin jiki. Yadda yake aiki shi ne, akwai masu gadi da ke aunawa kullum. Abin da ya hau sai a sauko da shi, abin da ya sauka sai a ɗaga shi. Bari mu ɗauki ma'auni huɗu.

Na fari, zafi

Ɗumin cikin jikin mai lafiya yana tsayawa kusa da digiri 37. Ƙadangare ba shi da wannan baiwa, shi ya sa da safe za ka gan shi kan dutse yana shan hantsi kafin ya iya gudu. Mu kuwa da murhunmu muke yawo. In zafi ya yi yawa, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, jini ya taso kusa da fata, gumi ya tsattsafo. Kun san dalilin da ruwan randa ya fi na bokiti sanyi: jikin randa yana tsattsafo da ruwa, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka gumi ke yi mana. In kuma sanyi ya yi yawa, jini ya koma ciki, jiki ya kama rawar ɗari. Wannan rawa aiki ne da tsoka ke yi domin ta ƙara hura wuta.

Jariri sabon haihuwa bai iya wannan sosai ba tukuna, zafi yana saurin gudu daga jikinsa. Domin haka ma'aikatan lafiya ke cewa a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula, kuma kada a yi masa wanka sai bayan awa 24. Ga bakwaini da ƙaramin jariri, ƙirjin uwa shi ne ɗaki mafi ɗumi. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara yin wannan a asibiti a 1978, yanzu kuwa ya bazu duniya. Kakanni mata, ina roƙonku, ku yi haƙuri da wankan farko.

Zazzaɓi kuma, jiki ne da kansa ya ɗaga ma'aunin zafi domin ya yi yaƙi da cuta. In jikin yaro ya yi zafi, kada a lulluɓe shi da bargo. A rage masa kaya, a ba shi ruwa ko nono, a kai shi a gwada jininsa ran nan, gama zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini masu kai iska.

Na biyu, ruwa da gishiri

Wajen kashi 60 cikin 100 na jikin babba ruwa ne, na jariri kuwa ya fi haka. Ƙodoji biyu su ne masu lura da wannan ma'auni. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, amma yana zagayawa ta cikin ƙoda sau da yawa har a tace ruwa wajen lita 180 a yini. Kusan duka ƙoda na mayar da shi cikin jini, ta bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka ya fita fitsari. In ka yini a gona ba ka sha ruwa ba, ƙoda ta ƙara riƙewa, fitsari ya zama kaɗan, ya yi ja. Wannan saƙo ne gare ka. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A nan ne nake so iyaye mata su matso kusa da rediyo. Wata shekara na je wa'azi wani ƙauye a bayan dutse. A gidan da na sauka akwai yarinya 'yar shekara biyu, kwana biyu tana gudawa. Idanunta sun zurma, bakinta ya bushe, tana kuka ba hawaye. Kakarta, mace mai ƙaunar Ubangiji, ta hana a ba ta ruwa. Ta ce mini, "Malam, duk abin da aka zuba mata fita yake yi. Gara cikin ya bushe tukuna." Ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, amma hanyar kabari ce. Yawancin yaran da gudawa ke kashewa, ƙarewar ruwa da gishiri ce ke kashe su. Muka yi addu'a, muka tafasa ruwa, muka haɗa ruwan gishiri da sukari, uwar ta yi ta ba ta da cokali dukan dare. Da gari ya waye aka goya ta a babur zuwa asibiti. Bara da na koma ƙauyen, na same ta tana waƙa cikin ƙungiyar yara.

Me ya sa ake haɗa gishiri da sukari? A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare. In sun shiga, ruwa ya bi bayansu zuwa cikin jini. Wannan ƙofa tana aiki ko a lokacin gudawa mai tsanani. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, cutar kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya kuma ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ba su wannan haɗi da kofi. Kafin nan wajen mutum 30 cikin 100 ke mutuwa. Cikin waɗanda aka ba haɗin, adadin ya sauko ƙasa da 4 cikin 100.

Mafi kyau shi ne ƙunshin ORS da ake samu a asibiti da kemis, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye, gama gishiri mai yawa yana yi wa yaro lahani. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Kada a daina ba shi nono da abinci. In yaro ya kasa sha, ko maɗigarsa ta faɗa, ko akwai jini a bayan gidansa, ko jikinsa ya saki, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Na uku, sukari

Dukan sukarin da ke yawo cikin jinin babban mutum mai lafiya bai fi cikin cokalin shayi ɗaya ba. Ka ci malmalar tuwo uku, ko ka kwana ba ka ci kome ba, jiki yana ƙoƙari ya riƙe shi kusa da nan. Bayan ka ci abinci, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, takan saki wani sinadari mai suna insulin. Shi ne mabuɗin da ke sa tsoka ta karɓi sukari, hanta kuma ta ajiye saura. Hanta tana kama da kwandon hatsi da ke ɗakin girki, wanda ba ya wuce kwana guda. Kitse kuma shi ne rumbu. In yunwa ta zo a fara ɗiba daga kwando, sa'an nan a buɗe rumbu. In yunwa ta daɗe, jiki yakan shiga cin tsokarsa, kamar mutumin da ke zare itacen rufin ɗakinsa yana hura wuta.

Ciwon sukari shi ne lokacin da insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa. Sukari ya taru cikin jini, ƙwayoyi kuma suna jin yunwa. Alamunsa su ne yawan fitsari, yawan ƙishirwa, rama, gajiya, gyambon da ya ƙi warkewa, wani lokaci har kiyashi su taru inda mutum ya yi fitsari. Dā yaron da ya kamu da irin mai tsanani ba ya daɗewa. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na Kanada, a Janairun 1922 kuma aka yi wa wani yaro allurarsa, ya farfaɗo. Tun daga nan mutane da yawa sun rayu har tsufa da wannan ciwo.

Sukari yana iya faɗuwa ƙasa kuma, musamman ga mai shan maganin sukari da bai ci abinci ba, ko wanda ya sha burkutu da yawa ciki ba kome. Mutum ya kama rawar jiki da gumi, ya ruɗe, ya yi ta maganar da ba kai. Waɗansu sukan ce iska ce ta buge shi, ko an yi masa jifa. Ƙwaƙwalwarsa ce itacenta ya yanke. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari ko zuma nan da nan, sa'an nan abinci. In ya suma kada a ɗura masa kome a baki, a kwantar da shi a gefe ɗaya a nemi asibiti.

Na huɗu, iska

Mutum yana iya yin makonni ba abinci, kwanaki kaɗan ba ruwa, amma mintoci kaɗan ne kawai ba iska, gama jiki ba shi da rumbun ajiye ta. Akwai ɓarawon da ke shigowa ta wannan ƙofa. Gawayi mai ci da janareta suna fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Jini yana kama ta da ƙarfi fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 ko fiye. Mai barci ba ya jin kome, murahun jikinsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin hunturu kada a kwana da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe. Janareta kuma a ajiye shi waje, nesa da taga, ko da ana tsoron ɓarayi. Haka nan rogo mai ɗaci da ba a jiƙa ba, ba a shanya sosai ba, yana ɗauke da dafin da ke toshe murahun nan. A ba shi kwanakinsa cikin ruwa kafin a ci.

Azumi, magani da hutu

Yanzu sai mu koma wurin Iliya. Wani zai ce, "Ai Iliya ya yi tafiyar kwana 40 da ƙarfin abincin nan." Gaskiya ne, wannan kuwa al'ajibi ne da Allah ya yi wa bawansa domin aikin da ya kira shi. Ka lura kuma sai da aka ciyar da shi sau biyu kafin ya tashi. Azumi abu ne mai kyau, Ubangijinmu ya yi, ikilisiya ta fari ta yi. Amma ina gargaɗi cikin ƙauna: azumin kwana da kwanaki ba tare da ruwa ba yana iya lalata ƙoda. Mai ciwon sukari, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki ko mai shayarwa, da yara, da tsofaffi marasa ƙarfi, kada kowa ya ɗora musu wannan kaya. Su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Allah yana jin addu'ar wanda ya karya kumallo.

Na taɓa binne wani dattijon ikilisiya, mutumin kirki. Yana shan maganin sukari shekara da shekaru yana noma gonarsa. Ya je wani taron addu'a aka ce masa ya warke, ya zubar da maganin domin ya nuna bangaskiya. Bai kai wata biyu ba. Har yau in na tuna da matarsa zaune a bakin ƙofa, zuciyata takan yi nauyi. Na gaskata Allah yana warkarwa. In ya warkar da kai, gwajin jini zai nuna, likita da kansa zai ce ka rage magani. Warkarwar Allah ba ta tsoron gwaji. Sa'ad da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya yi tsalle daga kan Haikali, Yesu ya ƙi, gama ba daidai ba ne a gwada Allah. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne. Da Yesu ya ta da 'yar Yayirus daga matattu, ya umarta a ba ta abinci. Wanda ya mayar mata da rai bai manta da cikinta ba.

Kai kuma da zuciyarka ta karai kamar ta Iliya, kana ganin ba ka da amfani, ka tambayi kanka: yaushe rabonka da barci mai kyau? Yaushe rabonka da cin abinci a natse? Wani lokaci abin da muke kira raunin bangaskiya yana haɗe da gajiyar jiki. Ka ci, ka sha, ka huta, ka faɗa wa wani ɗan'uwa amintacce abin da ke damunka. In tunanin mutuwa yana zuwa maka, kada ka ɓoye, ka gaya wa fastonka ko ma'aikacin lafiya yau. Allah bai yi fushi da Iliya ba, ya ciyar da shi ya kuma ba shi sabon aiki.

Da daren nan in ka kwanta, ka ɗora hannu a ƙirjinka. Ba kai ne ka ce wa zuciyarka ta buga ba. Ba ka taɓa auna gishirin jininka da hannunka ba. Tun kana cikin uwarka ake yi maka wannan hidima, ba ka biya ko kwabo ba. Naka shi ne ka kawo itace da ruwa a kan kari, ka bar iska ta shigo, ka kuma lura da na ƙananan da aka ba ka amana.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin jikin da ka ba mu, da numfashin da muke shaƙa, da abincin da ƙasa ke bayarwa. Ka gafarta mana inda muka yi sakaci da lafiyarmu da ta 'ya'yanmu. Ka ba iyaye mata hikima a daren da yaro ba shi da lafiya. Ka ƙarfafa likitoci da nas-nas da dukan masu jinya. Ka ta da wanda ya gaji, kamar yadda ka ta da bawanka Iliya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Tambayoyi domin sujadar iyali

1. Waɗanne abubuwa uku ne Allah ya fara ba Iliya, kuma me wannan ya koya mana game da halin Allah?
2. Wa zai iya faɗin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari? Akwai ƙunshin ORS a gidanmu yau?
3. Ina muke ajiye gawayi mai ci da janareta da dare?
4. Akwai wani a gidanmu ko a ikilisiyarmu da ya gaji ƙwarai? Me za mu kai masa a wannan mako?

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.